Layin "in ji wa?" a amsar imel: yadda ake saita shi ya riƙa fitowa da kansa

Na daɗe ina riƙe wa wani Alhaji ɗan kasuwa wasiƙunsa a nan Maraɗi. Aya da wake yake fitarwa, kuma shi ba ruwansa da kwamfuta. Ni nake bugo saƙon a takarda in karanta masa, ya faɗi amsa in rubuta. Wata rana ana cinikin lodin aya, mu huɗu ne a kan imel ɗin: mu, da dillali a Kano, da mai fito da kaya a Kwatano, da shi mai sayen. A tsakiyar takardar akwai layi guda da Faransanci, cewa an amince da farashi. Alhaji ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Ɗana, in ji wa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin mai sayen ne."

Ya ce, "Kana ji, ko ka gani?"

Ban gani ba. Wani daga cikinsu ya amsa ta waya, ya goge ɗan layin nan da ke zama a saman maganar da aka ɗauko, sai maganganun suka haɗe kamar daga baki ɗaya suka fito. Sai bayan la'asar, bayan mun ƙona kati wajen kiran wannan da wancan, muka gano dillalin ne ya rubuta, kuma kuɗin dako yake nufi, ba farashin aya ba.

Tun daga ranar nake kiran abin layin in-ji. Shi ne layin da manhajar imel ke sakawa idan ka danna amsa, mai faɗin wanda ya rubuto da ranar da ya rubuto, sannan maganarsa ta biyo a ƙasa. Wanda allonsa ke Faransanci, kamar yawancinmu a Nijar, ya saba ganinsa haka: "Le lun. 3 mars 2025 à 10:15, Wane a écrit :". Duk mai amfani da WhatsApp ya san amfaninsa ko bai san sunansa ba, don idan ka ja saƙo gefe za ka amsa, sunan mai saƙon ne ke fitowa a kan ɗan akwatin. Waɗanda suka zauna gaban malami a zaure kuwa sun riga kowa sanin cewa ba a kawo magana sai da mai ita.

Daga ina manhajar ke samo layin?

Kowane imel yana da kai wanda ba a nuna maka gaba ɗaya. A ciki akwai sunan mai aikowa da adireshinsa, da ranar aikowa haɗe da tazarar agogon ƙasarsa. Saƙon da ya fita daga Maraɗi da agogon da aka saita daidai yana ɗauke da +0100, wato awa ɗaya gaba da agogon GMT. Ƙa'idar da ta tsara wannan kai a yau ita ce RFC 5322 ta shekarar 2008. Idan ka danna amsa, manhajarka ta ciro suna da rana daga can, ta zuba su cikin wata jimla da aka riga aka tanada mata. Aikinmu a nan bai wuce biyu ba: tabbatar da cewa tana yin hakan, da sauya jimlar a inda aka ba da dama. Ba kowace manhaja ce ke ba da damar ba, gara in faɗa tun yanzu.

Gmail da Yahoo: ba ka da aiki sosai

Gmail yana saka layin da kansa a kowace amsa, a kwamfuta ko a waya, kuma babu wani wuri a saitunansa da za ka sauya kalmomin. Mutane da yawa suna zaton babu shi ne saboda a naɗe yake. Idan ka danna amsa, duba ƙasan inda kake rubutu, za ka ga ɗigo uku a jere. Taɓa su, layin da tsohon saƙon za su bayyana. Daga nan rubutu ne kamar kowane, kana iya rage tsohuwar maganar, kana iya gyara layin da hannu don wannan amsar kaɗai.

Abu biyu ne ke hannunka. Na farko harshe: layin yana bin harshen da Gmail ɗinka ke magana da shi. A kwamfuta, danna alamar saiti a sama ta dama, sai "Voir tous les paramètres", sai "Général", sai "Langue". Wanda yawancin huldarsa da Katsina da Kano ce yana iya mayar da shi Ingilishi don su gane layin da sun kalla. Na biyu sa hannu: a wannan shafi dai, ƙarƙashin wurin sa hannu, akwai akwatin da idan ka yi masa maki, sa hannunka zai zauna a ƙarƙashin amsarka, sama da layin in-ji. Ka yi masa makin. In ba haka ba sunanka da lambar shagonka za su faɗa can ƙarshen tsohon saƙo, mai karatu a gurguje ya ɗauka kai ne mai waccan maganar.

Yahoo ma haka yake, da kansa yake sakawa. Yana da wata falala guda da ta fi ta Gmail: yana rubuta tazarar agogo a cikin layin, ka ga UTC+1 a bayan lokacin.

Outlook na kwamfuta

Wannan shi ne na ofisoshi da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Shi ba layi ɗaya yake sakawa ba, ɗan gungu ne: "De", "Envoyé", "À", "Objet", kowanne a layinsa. Ba a sauya kalmomin daga saituna, amma ana iya kashe shi cikin rashin sani, kuma na sha tarar da shi a kashe. A tsohon Outlook ɗin da aka saba da shi, bi "Fichier", sai "Options", sai "Courrier", ka gangara zuwa "Réponses et transferts". Akwai zaɓin abin da za a yi da saƙon asali idan ana amsawa: kada a saka shi, a maƙala shi, a saka rubutunsa, a saka shi a ɗan tura shi ciki, ko a sa wa kowane layinsa alama a gaba. Zaɓi ɗaya daga ukun ƙarshe. A nan kuma akwai akwatin da ke sa sunanka a gaban duk abin da ka rubuta a tsakiyar maganar wani. Idan kana cikin masu amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya a jikin saƙon mutum, kunna shi ka rubuta gajeren sunanka.

Thunderbird: inda za ka rubuta layinka da Hausa

Nan ne maganar take. Thunderbird manhaja ce ta kyauta daga Mozilla, sigarta ta 1.0 ta fito a Disamban 2004, kuma tana iya ɗaukar akwatin Gmail ko Yahoo ko na wurin aiki. Tana ajiye saƙonni a kwamfuta, don haka ko intanet ya ɗauke kana iya karanta tsofaffi ka rubuta amsa ta jira. Sunayen maɓallai suna ɗan sauyawa daga siga zuwa siga, amma hanyar ɗaya ce.

Fara da tabbatar da cewa tana ɗauko tsohon saƙon. Shiga "Paramètres des comptes", ka zaɓi akwatinka, sai "Rédaction et adressage". Yi maki a akwatin da ya ce a riƙa kawo saƙon asali idan ana amsawa. Kusa da shi za ka zaɓi inda amsarka za ta fara, sama da abin da aka ɗauko ko ƙasa da shi. Wannan saitin na kowane akwati daban ne, mai akwati uku sai ya yi sau uku.

Sai ka koma "Paramètres", shafin "Général", ka gangara har ƙarshe. Akwai maɓallin "Éditeur de configuration". Wannan shi ne cikin injin, kada ka taɓa abin da ba shi ka zo nema ba. A wurin bincike rubuta reply_header, za ka ga layuka kaɗan sun fito. Wanda ke jan ragamar su duka shi ne:

mailnews.reply_header_type

Lamba ce a gabansa. Idan 1 ce, suna kawai za a sa. Idan 2 ce, rana ta fara sannan suna. Idan 3 ce, suna ya fara sannan rana. Sifili kuwa yana cire suna da rana gaba ɗaya, kauce masa. Kowace lamba tana da jimlarta: ta 1 tana cikin wanda ya ƙare da authorwrotesingle, ta 2 tana cikin ondateauthorwrote, ta 3 tana cikin authorwroteondate. A nan ne kowa ke tuntuɓe karon farko, ni ma na yi. Mutum ya gyara jimlar lamba 3 alhali lambar da ke aiki 2 ce, ya gwada ya ga babu abin da ya sauya, ya ce abin ƙarya ne. Bar lambar a 2, ka gyara wannan:

mailnews.reply_header_ondateauthorwrote

A Thunderbird mai Faransanci za ka tarar an rubuta "Le #2 à #3, #1 a écrit :". Alamomin nan guraben cikewa ne: #1 sunan mai saƙo, #2 rana, #3 lokaci. Danna alamar alƙalami a gefe, goge jimlar, rubuta taka, danna alamar amincewa. Kana iya jera guraben yadda kake so. In ka ɓata, akwai 'yar kibiya mai lanƙwasa a ƙarshen layin da ke mayar da shi yadda ya zo.

To, me za a rubuta? Abin da ya fara zuwa bakin kowa shi ne "A ranar #2, #1 ya rubuta:". Haka na fara sawa, ina ta jin daɗi, har ranar da na amsa wa wata Hajiya mai sayen ƙwarya-ƙwaryar wake daga Yamai. Amsar ta tafi da "Hajiya Wance ya rubuta". Ba ta yi fushi ba, amma da ta kira Alhaji sai da ta ce, "Alhaji, yaronka ya mayar da ni namiji." An yi dariya, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage. Faransanci ba shi da wannan matsalar, "a écrit" ɗaya ne ga mace da namiji. Ingilishi ma haka. Hausa kuwa tilas ta zaɓa tsakanin ya da ta, in kuma babba ne ko hukuma, sun. Kwamfuta ba ta san wa ke bayan sunan ba, gurbi kawai take cikewa. "Ya/ta rubuta" yana fitar da kai, amma kamar takardar asibiti yake, ba na son sa.

Maganin shi ne a kauce wa aikatau ɗin baki ɗaya. Hausa tana da hanyoyi uku masu kyau.

In ji #1, ranar #2, #3:

"In ji" ba ruwansa da jinsi ko adadi. In ji Malam, in ji Hajiya, in ji kwamitin, duk daidai. Gajere ne, kuma babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a ciki. Aibinsa ɗaya: a kunnen wasu yana da ɗan ƙamshin "ba ni na faɗa ba", kamar kana nesanta kanka da maganar. Tsakanin abokan ciniki da sa'o'i ba komai. Ga shugaban ma'aikata ko basarake, ina ɗan jin nauyinsa.

Saƙon #1 na ranar #2, da ƙarfe #3:

Wannan ya fi ladabi, kuma nahawu ya tsaya masa. Harafin n da ke ƙarshen "saƙon" yana bin kalmar saƙo ne, ba mai saƙon ba, shi ya sa saƙon Alhaji da saƙon Hajiya duk suka zauna. Sai dai akwai ƙ har biyu. Tsarin haruffa na UTF-8 da manhajojin yanzu ke aiki da shi yana ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ lafiya lau, amma tsohuwar waya ko na'urar da ba ta da harafin takan nuna ɗan akwati ko alamar tambaya a wurinsa. Wanda yake tsoron haka ya sa "Rubutun #1 na ranar #2, #3:".

Daga #1, ranar #2, #3:

Wannan nake amfani da shi yanzu. Haka ake buɗe wasiƙa tun zamanin da ake ba direban tasha ya kai, ba wanda zai ce an raina shi, ba wanda zai ce an sauya masa jinsi.

Kafin ka yanke, tuna cewa jimlar nan guda ce ga dukan akwatunan da ke cikin Thunderbird ɗinka, ba kamar saitin farko ba. Idan rabin masu rubuto maka ba sa jin Hausa, ka auna. Mutumin Kwatano ko na Lome zai gane "Daga Wane, ranar kaza" daga suna da lambobi, ban taɓa samun wanda ya tambaya ba. In kuma kana rubuta wa jami'o'in waje ko masu ba da tallafi, irin aikin da malamai da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke yi, kana iya cire harshe ɗungurungum ka bar "#1, #2 #3:" kawai.

Rana da agogo

A nan akwai rami. 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke 4 ga Maris. Wata guda cur tsakani, kuma idan maganar wa'adin biyan kuɗi ce, wata guda ba wasa ba ne. Thunderbird yana bin tsarin ranar da kwamfutarka ko harshensa ya ba shi, kuma yawancin kwamfutocin da ake sayowa na hannu suna zuwa ne da saitin ƙasar da suka fito. Gyara shi daga saitin yanki na kwamfutar, ko kuma a cikin injin nan na ɗazu ka rubuta

intl.date_time.pattern_override.date_short

ka ƙirƙire shi a matsayin rubutu, ka ba shi yyyy-MM-dd. Ranar za ta koma 2025-04-03, shekara, wata, rana, tsarin ISO 8601 da ba ya rikita kowa. Kula da manyan MM ɗin: manya wata ne, ƙanana minti. Rufe manhajar ka sake buɗewa. Sauyin zai shafi ranakun da ke jerin saƙonni ma, ba layin kaɗai ba.

Lokacin da ke cikin layin kuma na agogon mai amsawa ne, ba na mai aikowa ba. Da Najeriya da Benin babu damuwa, agogonmu ɗaya. Lome tana bayanmu da awa ɗaya. Faransa daidai take da mu da hunturunsu, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gabanmu da awa ɗaya. Dubai awa uku, Sin awa bakwai. Saƙon da ka tura ƙarfe shida na yamma ranar Alhamis, idan mai kaya a Guwanzu ya amsa, layinsa zai ce ƙarfe ɗaya na daren Juma'a ka rubuto. Bai yi maka ƙarya ba. Mai hulɗa da nesa yana iya ƙara wa jimlarsa "agogon Nijar" bayan #3, muddin ya tabbatar agogon kwamfutarsa na Nijar ɗin ne.

A waya da wajen masu Linux

Manhajar K-9 Mail ta Android, wadda ta koma ƙarƙashin Thunderbird a 2022, da Thunderbird na Android da ya fito a 2024, suna da zaɓi a saitin akwati, sashen aika saƙo: salon Gmail mai layi ɗaya da alamar > a gaban maganar da aka ɗauko, ko salon Outlook mai gungu. A ƙaramin allo na farkon ya fi. Masu aiki da manhajar imel ta Mutt kuwa layi ɗaya ne a fayil ɗin .muttrc:

set attribution="Daga %n, ranar %d:"

A nan %n suna ne, %d rana.

Sunan da kai kake fitowa da shi

Duk wahalar nan banza ce idan sunan da ke shiga gurbin ba na kirki ba ne. Manhajar wanda ke amsa maka tana ɗaukar sunan da kai ka sa wa akwatinka. Na ga amsar da ta fara da sunan shago da lambobi, na ga wadda ta fara da laƙabin samartaka wanda mai shi ya sa tun yana ɗan kwaleji a siber, yanzu ga shi magidanci yana neman kwangila. A Gmail, shiga "Comptes et importation", wurin "Envoyer des e-mails en tant que", ka gyara. A Thunderbird yana shafin farko na saitin akwati. Idan akwati ɗaya mutum uku ke amfani da shi a shago, layin zai jingina maganar ga shagon ne, don haka kowa ya sa sunansa a ƙarshen abin da ya rubuta.

Gwaji bai ɗaukar minti biyu. Tura wa kanka saƙo, amsa shi, sannan ka buɗe amsar a wayar wani, zai fi kyau tsohuwa, ka ga yadda haruffan suka fito. Sauya layin ba ya raba saƙonni da zarensu, don abin da ke ɗaure amsa da asalinta yana cikin kan saƙon ne, a layukan In-Reply-To da References, ba a jimlar da ka rubuta ba.

Idan ka zo rage tsohuwar magana, rage ta, kada ka ja jelar saƙo goma a bayanka mutum yana biyan data. Ƙa'idojin ladubban intanet na RFC 1855 tun 1995 suka ce a kawo iyakar abin da zai sa a gane zancen. A Thunderbird ma idan ka zaɓi jimlar da kake son amsawa kafin ka danna amsa, ita kaɗai zai ɗauko, da layin in-ji a kanta. Abin da ba a yi shi ne goge layin a bar maganar, ko barin layin wani a kan maganar wani. Idan kuma za ka tura zaren ga baƙo, duba da kyau, layin Gmail yana ɗauke da adireshin mutum a fili.

Abu na ƙarshe, Alhaji ne ya tambaye ni shi bayan na nuna masa sabon layin. Ya ce, "To in mutum ya musa, wannan ya isa shaida?" Na ce a'a, ranka ya daɗe, rubutu ne da kowa ke iya gyarawa kafin ya tura, har suna da rana. Idan gardama ta tashi, saƙon asali ake komawa, wanda ke cikin akwati, shi ya sa ba na goge su. A Gmail ana danna ɗigo uku da ke gefen saƙon a zaɓi "Afficher l'original", a Thunderbird kuwa Ctrl da U. Nan ne cikakken kan saƙon yake, da adireshin da ya fito, da awar da ya bar can, da tazarar agogonsa.